Motar Baba, Caprice 1978: a tashi injinta ko a canja shi?

Abu Hafsa, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka san motocin Amurka na da, musamman dattawanmu da suka yi aikin warsha.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana Chevrolet Caprice ƙirar 1978, mai ƙofa huɗu, ruwan madara, rufinta na leda ruwan ƙasa. A haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, ya saye ta tun kafin a haife ni. A cikinta muka yi wayo. Duk lokacin zafi yana kwashe mu mu bakwai, mu bi ta Makka mu hau dutsen Hada zuwa Ɗa'if, Inna na gaba da kular shayi tsakanin ƙafafunta, kuma ban taɓa ganin ya tsaya a gefen hanya ya buɗe bonet ba. Da ƙafa ta fara damunsa ya daina tuƙi, aka lulluɓe ta da tamfol a filin wani amininsa. Shekara tara ke nan ba a tashe ta ba.

Makon jiya na je na yaye tamfol ɗin. Tayoyi huɗu sun kwanta, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofin baya da gindin gilashin baya, fitilar baya ta hagu ta fashe, dashbod ya tsage saboda rana. Kujerun kuwa lafiya lau, har tasbaharsa tana rataye a madubi. Na kira wani bakanike ya leƙa, ko sifana bai ɗauka ba ya ce injin ya mutu, a jefar a sayo wani a tashlih, wato inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu. Zuciyata ba ta kwanta ba. Ni so nake in ji ƙarar injin da na sani, in ɗauki Inna a ciki ko sau ɗaya ne.

To tambayata: injin da ya yi shekara tara a ajiye yana tashi? Ta ina ake farawa? Sannan kayan gyaranta, a ina ake samu yanzu? Na shiga shaguna biyu na ce Caprice, suka fito mini da kayan da ko kama da nata ba su yi ba.

Baba Usta, Makka

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa Aljanna ce makoma.

Ɗana, shekara talatin da wani abu na yi ina kwanciya ƙarƙashin irin waɗannan motoci kafin bayana ya sa na ajiye aiki. Wanda ya ce maka injin ya mutu bai juya shi ba, to bai san ko ya mutu ba. Kada ka biya kuɗin komai tukuna, kuma ina roƙonka kada ka sa batir ka murza makulli. Nan ne ake kashe su. Bakin mai ya tsiyaye ya koma ƙasa tun tuni, ƙarfe zai goga ƙarfe a bushe, abin da shekara tara ba ta ɓata ba sai minti ɗaya ya ɓata.

Fara sanin abin da ke hannunka. Leƙa ta gilashin gaba, gefen direba, akwai lambar shasi. Motocin Chevrolet na shekarun nan, kafin 1981, lambarsu harafi goma sha uku ce, ba goma sha bakwai irin na yanzu ba. Duba harafi na biyar: in U ne, injin 305 ne, wato lita 5, in L ne, 350 ne, lita 5.7. Dukansu silinda takwas, uwa ɗaya uba ɗaya, bambancinsu faɗin silinda. Sannan ka shiga ƙasa ka ƙirga kusoshin kwanon giya. In goma sha uku ne, giyarka TH350 ce, ka gode wa Allah, jaka ce wajen juriya. In goma sha ɗaya ne kuma an buga METRIC a jikin kwanon, TH200 ce, ta fi rauni, tana son lallaɓawa.

Sai ka kwance fulogi takwas ɗin nan, ka jera su yadda ka fitar da su, domin kowane ɗaya zai gaya maka halin ɗakinsa. Zuba man giya kamar cokali biyu a kowane rami, ka bar shi kwana uku. Bayan nan ka sa soket a kan ƙusar fulin gaba ka juya da hannu, a hankali. In ya zagaya sau biyu bai cije ba, injinka na da rai. In ya cije kada ka sa masa bututu ka danna da ƙarfi, ƙara mai ka ƙara kwana.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. A shekarun nan kamfanin yana sa wa haƙoran giyar sarƙar tayimin rigar nailan don rage ƙara. In ta tsufa sai ta bushe ta dinga gutsurewa, gutsattsarin su faɗa kwanon bakin mai su toshe rariyar famfo. Na ga injina da yawa da aka ce tsufa ya kashe su, alhali wannan roba ce ta hana su mai. Ka sa a sauke kwanon a wanke rariyar, a canja sarƙar da giyarta zuwa ta ƙarfe zalla. Kayan ba su da tsada. Kafin ranar tashi, a zare distirbuta a juya famfon mai da na'urar huji har sai mai ya fito saman kai duka ɓangarorin biyu.

Fetur ɗin da ke tanki ya zama kamar varnish, kada ɗigo ɗaya ya shiga kafireto. A sauke tankin a wanke, a canja duk tiyon roba. Kafiretonta Rochester ne, ana sayar da kayan sabunta shi a kwali ɗaya, kada wani ya ruɗe ka ka jefar da shi.

Maganar zafi kuwa, tunda Hada kake son hawa: lagireton tagulla ne, ana iya canja masa ciki a mayar da shi layi uku. A duba kulocin fanka, a tabbata rumfar roba da ke kewaye da fankar tana nan, don mutane na cire ta su ce ba ta da amfani, sai motar ta yi ta tafasa a cunkoso. Kada kuma a cire tamostat gaba ɗaya yadda aka saba a nan, a sa wanda ke buɗewa a zafin digiri 180 na Fahrenheit. Toshe-toshen da ke gefen injin su ma a canja su zuwa na tagulla, tsatsa ce ke huda su daga ciki.

Birki kafin fenti, ɗana. Tayoyi ma ko da sun ɗauki iska, jefar da su.

Ɗan Sana'iyya, Jidda

Baba Usta ya gama magana a kan inji, Allah Ya ƙara lafiya. Amma Baba, da izininka, ni in 305 ne kuma aka buɗe aka tarar sai an yi masa gundura da sabbin fistin, gara kuɗin ya tafi kan 350. Wurin zamansu ɗaya ne, yana hawa kan giyar ba tare da an yanka komai ba, kuma da mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne a hawan dutse za a ji bambanci. Abu ɗaya dai, in za a ɗauko daga motar 1986 zuwa sama, bayan kuranshaf ɗin ya canja, farantin da ke haɗa shi da giya ba zai yi daidai da tsohon ba, sai an sayo nasa.

Abu Hafsa, abin da ya same ka a shago ga dalilinsa. An daina ƙera Caprice ta Amurka a 1996. Wadda ta cika titunanmu daga 1999 zuwa sama a Ostireliya aka yi ta, suna kawai suka haɗa. Yaran da ke kan kanta yanzu ita suka sani, sai kuma mai zagayayyen jiki ta 1991 zuwa 1996 da ake ce wa sabuna. Don haka daina cewa Caprice. In kayan inji ne, ce musu na Jims, wato motar GMC, tsoho mai inji 350: famfon ruwa, famfon fetur, gasket, hular distirbuta, sitata, da yawa suna shiga juna, kuma Jims ba ya ƙarewa a ƙasar nan. Amma ka riƙa tafiya da tsohon a leda a gwada a gabanka. Kayan kamfanin ACDelco na asali ka nema in akwai, musamman modul ɗin da ke cikin distirbuta, kuma a shafa masa farin man nan a ƙasa, in ba haka ba zafi zai kashe shi ka tsaya cak.

Wahalar tana jikin mota. Fitila, gilashi, ƙarafan ado, su ne ba a samu a kanti. Ka ware safiyar Asabar ka tafi tashlih na Biriman da hotuna a waya, ka bi wuri-wuri. In ba a dace ba a tambaya a Ha'ir ta Riyad, kuma kayan can sun fi tsabta saboda babu raɓar teku mai gishiri irin tamu. Ka sani daga 1977 zuwa 1979 jiki ɗaya ne, ƙofar Impala mai ƙofa huɗu ta shekarun nan za ta hau taka. Daga 1980 aka sake fasalin ƙarfen, ido zai ce maka iri ɗaya ne, amma ba za ta rufu ba. Fitilun baya kuwa shekararka kawai ka nema. Kayan birki ka auna naka tukuna, domin na doguwa mai ɗaukar iyali sun fi girma, har tazarar kusoshin taya ta bambanta.

Robobin ƙofa da na gilashi kada ka saya a tashlih, rana ta gama da su kamar naka. Waɗannan sababbi ake odarsu daga Amurka ta intanet. Ka tara buƙatunka su zo a kwali ɗaya, don kuɗin jirgi kan fi kuɗin kayan, ga harajin kashi 15 a kai. Mukayyif ɗinta gas R12 ne, an daina shi, sai an mayar da shi R134a an canja mai da robobi. Wannan ka bar shi ƙarshe.

Baba Usta, Makka

Maganarka gaskiya ce, yaro, 350 ya fi ƙarfi, ban musa ba. Amma ka sake karanta abin da ya rubuta. Bai ce yana son tsere ba, ƙarar motar ubansa yake nema. Kuma injin tashlih ba ka san wanda ya wahalar da shi ba, wannan kuwa mutum ɗaya ne ya riƙe shi. A auna matsin silinda tukuna. In akwai ɗaya da ya yi ƙasa kada a yi gaggawa, ringi kan manne saboda zama, in mota ta yi tafiya ya saki. A sa mata bakin mai mai kauri, 20W-50, irin mai sinadarin zinc, tsohon kamshaf yana buƙatarsa.

Ummu Yasir, Madina

Ɗan uwa, ni ban san inji ba, amma mun shiga irin wannan da motar surukina. Motar nan ta gado ce. Kafin ka zuba ko riyal ɗaya, ku zauna da mahaifiyarku da 'yan uwanka mata da maza, a yi mata kuɗi, ko ka biya kowa rabonsa ko su yafe maka da bakinsu a gaban shaidu. Mu sai da aka gama gyara aka tuna da wannan, kuma ba a ji daɗi ba. Sannan istimara, wato takardar rajistar motar, tana kan sunan marigayi, sai an fitar da takardar tantance magada da wakilcin sauran kafin a juya ta zuwa sunanka, kuma ba za a sabunta ba sai ta ci fahas, wato gwajin lafiyar mota, an kuma yi mata inshora. Ka fara bin takardun tun yanzu, suna tafiya tare da gyaran.

Abu Hafsa, Jidda

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shiru kwana ashirin ne don in dawo da labari.

Yaya Ummu Yasir, maganarki na fara bi. Mun zauna bayan sallar Juma'a a ɗakin Inna. Ƙannena mata uku sun ce sun bar mini, yayana ya karɓi rabonsa, an rubuta an sa hannu. Inna ba ta ce komai ba sai da kowa ya tashi, sannan ta buɗe akwatinta ta miƙo mini makulli na biyu, wanda ban ma san da shi ba.

Baba Usta, harafi na biyar U ne, kusoshin kwano goma sha uku. Mun ɗauko ta a bayan babbar mota zuwa wata warsha da wani dattijo ɗan Yaman yake riƙe da ita. Kwana huɗu mai yana jiƙa, a na biyar na kama soket da hannuna. Da farko ya ƙi, sai na ji ya ɗan motsa, sai ya zagaya. Da aka sauke kwanon bakin mai, wallahi abin da ka faɗa muka tarar: gutsattsarin roba ruwan ƙasa sun kusa cika tafin hannuna, rabin rariyar a toshe. An canja sarƙa, an wanke tanki, an sabunta kafireto. Matsin silinda bakwai yana tsakanin 135 da 145, na shida ne kawai 110, da aka ɗiga masa mai ya hau. Dattijon ya ce a bar shi kamar yadda ka ce.

Jiya bayan la'asar motar ta tashi. Hayaƙi ya cika warshar kusan minti goma, sannan ya washe, ta zauna tana wannan gurnanin nata na ƙasa-ƙasa. Na kira Inna na kara wayar kusa da salansa. Ta ce, ita ce.

Yanzu muna kan birki da lagireto. Ɗan Sana'iyya, na je Biriman sau biyu, na samu ƙofar baya ta dama daga Impala 1979, tsatsarta kaɗan ce. Fitilar baya ta hagu ce har yau ban gani ba, duk waɗanda aka nuna mini na 1980 zuwa sama ne. In akwai ɗan uwa a Riyad da hanyarsa ke bi ta Ha'ir, don Allah ya duba mini, ta 1978, gefen direba. Ko murfin jan kaɗai aka samu ina so.