Baq ko eus: wanne ne lambar harshen Bask ta gaskiya?

Mai Hoto: Jama'a, masu ISO ɗin nan, hukumar ƙa'idoji ta duniya da ke ba harsuna lambobi, raina mana hankali suke yi. Italiyanci lambarsa a miƙe take: "it" in harafi biyu ne, "ita" in uku ne. Amma ɗan yaren Bask shi kaɗai har uku, eu, eus da baq. Ka sa eus, wata manhajar ta ce ba ta san zancen ba. Shirme ne kawai. Wacce zan sa a fayil?

Na Damagaram: Yare kuma? Harshe ne, malam. Euskara ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a Turai, bai haɗa asali da Latin ba. Da shi ake aikin gwamnati a yankin Bask na Sifaniya, ana kuma yin sa a kudu maso yammacin Faransa.

Mai Hoto: Ba da raini na faɗa ba.

Na Damagaram: To me ya hana ka cewa ɗan yaren Italiya?

Anti Laburare: Ku bari in ba shi amsa. A ISO 639-2 na 1998, harsuna 20 ne ke da lamba bibbiyu. Jerin B na ɗakunan karatu ne, yawanci daga sunan Turanci: baq, ger (Jamusanci), fre (Faransanci). Jerin T daga sunan da masu harshen ke kiran abinsu: eus, deu, fra. Italiyanci ya tsira ne don ko ta ina ka biyo "ita" za ka samu, kamar "hau" ɗinmu na Hausa. Kundin MARC na katalog ɗin ɗakunan karatu baq yake karɓa, tsohon filin harshe na fayil ɗin bidiyo na MKV ma haka, na MP4 kuwa eus. A shafin intanet, ƙa'idar BCP 47 ta ce in akwai mai harafi biyu ita ake sawa, wato lang="eu".

Ɗan Kod: Anti, a yi haƙuri, baq ɗinku tsohon yayi ne. ISO 639-3 na 2007 eus kaɗai ya ɗauka.

Anti Laburare: Ƙanena, je ka sauya miliyoyin bayanan katalog tukuna, sannan mu yi magana.

Ɗan Kod: Ɓarnar da ta fi yawa ma daban ce. Mutum ya rubuta hreflang="eu" (alamar harshen shafi) yana nufin Tarayyar Turai, Google ya ɗauka shafin Bask ne. Wani ya yi cinta ya sa ba, nan Bashkir ne na Rasha. Bas kuma Basaa ne na Kamaru.

Na Damagaram: Mu koma kan yare. Italiyan da yake yabo ma ba baki ɗaya ba ce. Sisiliyanci scn, na Nafoli nap, na Benis vec, duk da lambarsu, amma dokar Italiya mai lamba 482 ta 1999 kan kare harsunan tsiraru ba ta lissafa su ba, ta lissafa na Sardiniya da Furiyuli.

Mai Hoto: Ni fa fayil nake tambaya.

Na Damagaram: Janye kalmar tukuna.

Ɗan Kod (mai kula da zaure): An rufe. Abin da aka tsayar: eu a intanet, eus a sauran wurare, baq kuwa sai 'yan laburare da suka ƙi ci gaba. Mai Hoto bai janye ba.

Anti Laburare: Wa ya tsayar? MKV ɗin da na faɗa fa, ina ka kai shi?