Neman kalma: me za mu kira koren nan da ke jikin sulallan Rumawa?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara bayani ne kan yadda ake auna darajar tsoffin sulallan Rumawa, sai kalmar patina ta tsaya min a wuya. Launin nan ne kore-kore ko ja mai duhu da ke kama jikin sulen tagulla in ya daɗe binne a ƙasa, kamar sestertius, ƙaton sulen nan mai harafin SC a bayansa wato da izinin majalisar dattawa. Masu saye suna duba ko fuskar sarki da rubutun gefe sun goge, daga nan sai su duba wannan koren. Na sa "tsatsa" amma raina bai kwanta ba.

Ɗan Kurmi: Haba malam, ƙarfe ya tsufa ya canza kala ai tsatsa kenan, mene ne na wahalar da kai.

Malamar tarihi: A'a ƙanina, kar ku sa tsatsa don Allah. Tsatsa cin ƙarfe take yi, wannan kuwa rufe sulen take ta kare shi, kuma in ta kwanta sumul tana sheƙi kuɗin sule ƙaruwa yake, wanda ya sa soson ƙarfe ya dirje shi har ya yi fes to ya zubar da kuɗinsa da hannunsa. Akwai wani koren daban mai haske gari-gari, in ka taɓa da tsinke yana zuba, gishirin ƙasa da danshi ke kawo shi kuma yana cin sulen har ya yi rami, Turawa ciwon tagulla suke ce masa. Shi ya cancanci tsatsa. In kun kira mai kare sulen tsatsa, me za ku kira mai cin sa?

Mai tambaya: Wallahi hakane Malama. Gansakuka fa?

Malamar tarihi: Ita ai tsiro ce, kuma da an ji ta ƙazanta ke zuwa rai. Ga wani dalilin da ya sa kalmar take da amfani. Rumawa na da sulalla biyu masu kusan girma ɗaya, as da dupondius, na biyun ninkin na farko ne. As jan ƙarfe ne, dupondius kuma ruwan ɗorawa, to da suna sababbi kala ke raba su, yanzu kuwa koren ya lulluɓe duka biyun. Sai dai ka dubi kan sarkin. Daga zamanin Nero, wanda ya yi mulki 54 zuwa 68, galibi in ka ga kambi mai tsinaye kamar hasken rana dupondius ne, in kambin ganye ne as ne. Alamar tsinayen nan ta ninki Caracalla ma ya ɗora ta a sabon sulensa na azurfa a 215, wai darajarsa ninkin tsohon sulensu na azurfa ce, wato denarius biyu, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne kawai, wayon gwamnati ba yau aka fara ba.

Baba na Damagaram: Ni dai da za ku ji ta tawa ku ce makuba, yadda ake shafe katanga da ita ruwa bai cinta.

Ɗan Kurmi: Baba kalmar ta yi daɗi amma makuba mutum ke shafawa, wannan kuma ƙasa da shekaru suka yi aikin. Sai dai a bar wa ta jabu, don akwai 'yan damfara masu shafa fenti ko sinadari su ɓoye inda suka gyara sule. Ta asalin mu ce rigar tsufa.

Baba na Damagaram: To yaro ban ƙi ba, amma riga cirewa ake yi, fata ta fi.

Mai tambaya: Fatar tsufa kamar ana zancen yamutsewar fuska Baba, hhh. Zan sa rigar tsufa a fassarar, ciwon kuma tsatsar tagulla, ta jabu da ake shafawa kuma makuba. Saura gefen da ke da hoton sarki, na so in ce kan sarki amma 'yan gidan waya sun riga mu.