Me ya kamata a shimfiɗa a ƙarƙashin lilo da zamiyar yara a cikin gida?

Maman Ilham, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da ɗan fili a bayan gida wanda faɗinsa ya kai mita 5, tsawonsa kuma mita 6, mun yanke shawarar mayar da shi wurin wasan yara domin su daina fita layi. Yarana uku ne, babba shekararsa shida, ƙaramar kuma ba ta cika uku ba, kuma har mun ba mai walda aikin lilo da zamiya. Maigida yana son a sa intalok kamar sauran tsakar gidan saboda tsafta, amma ni hankalina bai kwanta ba, domin a bara babban ya faɗo daga kan dakali ya fasa goshi a kan siminti, sai da aka yi masa ɗinki huɗu, kuma har yanzu idan na tuna jinin da ya jiƙa masa riga gabana yana faɗuwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: yashi, ciyawa, ko ciyawar robar nan da ake yayi?

Injiniya daga Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Ki roƙi maigida ya haƙura da intalok a wannan wurin, domin intalok da siminti da kwalta, har ma da ƙasar da ta taku ta yi tauri, duk hukuncinsu ɗaya ne idan kan yaro ya bugu da su. Kafin a zaɓi abin shimfiɗa, tambayar farko ita ce daga wane tsayi yaro zai iya faɗowa, sannan kaurin abin da zai tare shi nawa ne.

Hukumar kula da lafiyar kayayyakin da jama'a ke saye ta Amurka, wato CPSC, ta yi bayani a kan wannan. Ta ce a zuba yashi mai kaurin inci 12, kimanin santimita 30, saboda yana danƙarewa ya koma inci 9 bayan an yi ta taka shi, kuma yashi mai wannan kaurin yana ba da kariya ne ga faɗuwar da ba ta wuce ƙafa 4 ba. Saboda haka ki koma wurin mai walda tun bai gama ba, ki ce masa kada dandamalin zamiyar ya wuce mita 1 da santimita 20 daga saman yashin. Haka nan shimfiɗar ta zarce kayan wasan da ƙafa 6 ta kowane ɓangare, ba a bar ta iya ƙarƙashinsu kawai ba.

Lilo kuwa ya fi cin wuri, domin ana so a bar fili a gabansa da bayansa wanda ya ninka tsayin sandarsa ta sama sau biyu. Idan sandar tana da tsayin mita 2, ana bukatar mita 4 a gaba da mita 4 a baya, ke kuma mita 6 gare ki gaba ɗaya, ga katanga. Ni dai da gidana ne, da na ajiye maganar lilon tukuna.

Wajen aikin, a haƙe wurin, a kewaye shi da bulo wanda aka goge kaifin bakinsa, a fitar wa ruwa hanya domin kada ya kwanta da damina, tunda jiƙaƙƙen yashi tauri yake yi. Filinki zai ci yashi kimanin kiyubik mita 9, wato 5 sau 6 sau 0.3, sai ki ba mai tifa wannan lissafin. Ki nemi yashin rafi wankakke, a tankaɗe shi kafin a zuba, domin ba a rasa fasasshiyar kwalba ko ƙusa a ciki.

Malamar nazare, Kaduna

Na yarda da Injiniya, sai dai yashi yana da nasa nauyin da ya kamata ki sani tun yanzu. A makarantar da nake koyarwa kyanwoyin unguwa sun mayar da namu makewayi, kuma kashin kyanwa da na kare yana ɗauke da ƙwan tsutsar da ke shiga fatar ƙafar yaro, ta bar masa jan zane mai lanƙwasa da ƙaiƙayi mai tsanani. Na ga haka da idona a ƙafar wata ɗalibata. Tun daga lokacin muke rufe wurin da tamfol kowace yamma, da safe kuma a bi shi da manjagara kafin yara su shiga, musamman da bazara lokacin da kunama ke yawo. Ki kuma riƙa mayar da yashin bakin zamiya, domin nan ne ƙafafu ke kwashe shi har a tarar da ƙasa.

Ciyawar roba kuwa ban ba ki shawararta ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, tana ɗaukar zafin da zai iya ƙona tafin ƙafar yaro, kuma yawanci a kan siminti ake manna ta, ka ga ido na ganin kore amma kai siminti zai tarar. Tsakuwa ma ki bar ta, tunda 'yar ƙaramarki tana shekarun sa abu a baki da hanci.

Baban Khalifa, Jos

Ni ciyawa ta gaskiya na shuka, kuma ta yi mini kyau, amma a Jos nake, inda sanyi da ruwa suka taimake ni. Duk da haka, ƙarƙashin lilon bai yi wata uku ba ya zama fako. A Kano sai kin yi ta ban ruwa tun daga kaka har faɗuwar damina. Na taɓa gwada ɓarzajjen katako kuma, gara ta cinye shi, ta nufi ƙyauren ɗakin ajiya. Idan za ki yi iyaka da tsofaffin tayoyi, a cika cikinsu da ƙasa, in ba haka ba ruwa zai taru sauro ya hayayyafa a ƙofar ɗakinki.

Maman Ilham, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa maigida bayaninku, ya amince da yashi, kuma jiya ya je wurin mai walda aka rage tsayin zamiyar, lilon kuma an dakatar da shi. Malama, saura tambaya ɗaya: akwai bishiyar darbejiya a kusurwar filin wadda inuwarta ke rufe rabinsa da rana, to in matsar da zamiyar ƙarƙashinta domin ƙarfen kada ya yi zafi, ko 'ya'yanta da ke zuba za su zama matsala ga ƙaramar?