Hilux ɗina na fitar da tururi ta murfin mai: in sauke inji ko in dakata?

Mai doya, Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Hilux gare ni mai inji 1KD, da ita nake ɗauko doya daga Techiman zuwa Kumasi. Kwanan nan in na cire murfin baƙin mai inji na aiki, sai tururi ya riƙa fitowa fuf-fuf. Tiyon da ke shiga tabo (turbo, mai hura wa inji iska) ya jiƙe sharkaf da mai, mai kuma yana raguwa tun kafin lokacin juye. Wani makanike ya ce ringin fistan ya mutu, a sauke inji. Wani ya ce a toshe tiyon numfashi kawai. Da motar nan nake ciyar da gida, don Allah ku ba ni shawara.

Masta, Suame Magazine: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka yarda a toshe tiyon nan ko na yini ɗaya. Babu injin dizal da iskar ƙonuwa ba ta ɗan zurarewa ta gefen ringi zuwa ƙasan inji, kuma tiyon ne ƙofar fitarta. In aka rufe, iskar za ta nemi hanya da ƙarfi: ta tura sil ɗin gaba da na baya, ta ɗago gejin mai, ka wayi gari mai na ɗiga ko'ina. Gobe da safe bari inji ya yi zafi, ka kwance murfin ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In rawa kawai yake yi, da sauran rai. In ya yi tsalle ya faɗo, a auna kwamfureshan kowace silinda kafin wani ya taɓa sifana.

Direban Tamale: Masta ya yi gaskiya, amma a fara duba wasan (washer, ɗan zoben da ke hana iska zurarewa) da ke ƙarƙashin nozul mai fesa dizal. An san 1KD da wannan ciwon. In wasan ya ci, iska na tsiyayowa ta gefen nozul ta shiga murfin sama, sai ka rantse ringi ne. Abin tsoron shi ne gawayin da yake tarawa yana gangarawa ya toshe rariyar famfon mai, inji ya ƙone. Kuɗin wasa ina, kuɗin ringi ina! A leƙa rariyar ma.

Ƙaninku, Asawase: Baba Alhaji, ni gwangwanin tarar mai na ɗaura tsakanin murfin sama da tabo. Tun daga nan intakula, mai sanyaya iskar tabo, ta daina jiƙewa. Ana juye shi a kai a kai, kada ya cika.

Masta, Suame Magazine: Gwangwanin na da amfani, yana hana mai haɗuwa da baƙin toka na EGR (mai mayar da hayaƙi cikin inji) ya cushe hanyar iska. Amma ba ya gyara abin da ya lalace a ciki. Kuma Alhaji, kada a bar mai ya taru a intakula. Dizal na iya kama shan man kansa, ya yi ta ruri ko ka cire makulli. Duba filtar iska ma, ƙurar hunturu a hanyar arewa ita ke cinye ringi, filta in ta cushe kuma tabo na ƙara zuƙo mai ta tiyon.

Mai doya, Aboabo: Allah ya saka da alheri. Masta, wasan nozul ɗin, duka huɗun ake canzawa ko wanda ya ci kawai?

Masta, Suame Magazine: Duka huɗun, kuma na asali. A goge mazauninsu tas kafin a ɗaure.