Neman kalma: me za mu kira "private equity" a labaran wasannin jami'o'in Amurka?

Malam Habu:
Salamu alaikum. Kalmar nan ta addabi masu fassara labaran wasanni. Tun da kotu ta amince da sulhun shari'ar House, wadda 'yan wasa suka shigar kan NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a watan Yunin 2025, jami'a na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, ga diyyar kusan dala biliyan 2.8 da za a biya tsofaffin 'yan wasa cikin shekara 10. Gudummawar tsofaffin ɗalibai ta daina isa, shi ya sa aka buɗe wa masu kuɗi ƙofa. Wasu na rubuta "jarin sirri", wasu "jarin masu zaman kansu". Wanne za mu ɗauka?

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam, Malam. "Jarin sirri" kam a ajiye shi gefe, mai karatu zai zaci kuɗin haram ne ake ɓoyewa. Abin da ake nufi shi ne kason ba a kasuwar hannun jari ake cinikinsa ba. Na biyun kuma ya yi faɗi, domin attajirin da ya gina filin wasa kyauta shi ma mai zaman kansa ne, amma ba ya jiran riba.

A dubi yadda aikin yake. Kamfani zai tara kuɗi daga asusun fansho, kamfanonin inshora da attajirai, a asusu mai wa'adin kamar shekara 10. Bisa al'ada yana cire kashi 2 cikin 100 duk shekara ladan kula, sannan kashi 20 na ribar. Ya sayi kaso, ya haɓaka kuɗin shiga, bayan 'yan shekaru ya sayar ya fita. Kamar kiwon turka ne: tun ranar saye an san ranar kai wa kasuwa. Ni na kawo "jarin sayen kaso".

Alhaji Sabo:
Hajiya, me zai hana mu ce mudaraba? Mutanenmu sun san ta ta bankin Musulunci.

Hajiya Binta:
Ranka ya daɗe, tsakanin masu kuɗin da manajan asusu akwai kama. Sai dai a mudaraba idan babu riba mai juya kuɗi bai samu komai ba, nan kuwa ladansa na shekara ba ya fashi, kuma suna yawan haɗawa da bashi mai ruwa. Kada mu lulluɓe shi da sunan shari'a.

Malam Isa:
Na goyi bayan "sayen kaso", amma a riƙa faɗin kason me aka saya. Jami'a ba ta sayar da ƙungiyarta. Dubi Jami'ar Utah a Disambar 2025 da kamfanin Otro Capital: kamfani daban aka tsara, a zuba masa harkar tikiti, tallace-tallace da tambari, jami'a ta riƙe kaso mafi girma da ikon ɗaukar koci.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Kuɗin da aka karɓa yau albashi da gini za su lashe shi cikin 'yan shekaru, yankin kuɗin shigar da aka sallama kuwa ya tafi na dogon zamani. Kuma rarar ƙwallon Amurka da kwando ce ke ɗauke da ninƙaya, kokawa da yawancin wasannin mata, alhali dokar Amurka ta 1972 mai suna Title IX ta hana a yi wa mata wariya. Mai kaso ba ya samun sisi daga waɗannan, don haka su da aljihun mai sayen tikiti za su fara ji a jikinsu. Abin yana damuna matuƙa.

Malam Habu:
To batun Big Ten fa, wato ɗaya daga manyan rukunonin gasar jami'o'in? Dala biliyan 2.4 a kan kashi 10 cikin 100 na sabon kamfanin kasuwancin rukunin, a ɗaure haƙƙin talabijin har 2046, jami'o'in Michigan da Kudancin Kalifoniya (USC) suka ƙi, aka jingine maganar a ƙarshen 2025.

Malam Isa:
Cinikin dai sayen kaso ne, amma wanda ya nemi sayen shi ne asusun jarin Jami'ar Kalifoniya, mai kula da fansho, don haka kada a kira shi "kamfanin sayen kaso". Idan kuma rance aka ba jami'a da ruwa, a rubuta "bashi" ƙarara.

Malam Habu:
Madalla. Mun tsaya a kan "jarin sayen kaso", mai yinsa "kamfanin sayen kaso". A ambaton farko a ƙara "wanda ba na kasuwar hannun jari ba", daga nan a taƙaita.