Karatun yaran da ambaliyar Maiduguri ta raba da gidajensu: yaya ake sa kuɗin ya kai su ƙarshen sakandare?

Sakataren Kwamiti:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da madatsar Alau ta ɓalle wayewar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya mamaye Gwange, Fori, Bulabulin, Gamboru da kewayen fadar Shehu, ƙungiyoyi da masu hali da dama suka yi alkawarin ɗaukar nauyin karatun yara. A makonnin farko tallafi ya zo kamar da bakin ƙwarya: shinkafa, tabarmi, barguna, jakunkunan makaranta. Zango biyu zuwa uku bayan nan sai aka ji shiru, alhali yaron da ke aji uku na firamare yana da sauran shekara goma a gabansa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan asusu, a nan Borno, ko a Jigawa bayan ambaliyar 2022, ko a Mokwa, ya faɗa mana yadda ake tsara shi ya ɗore.

Ma'aji:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin ku ɗauki sunan yaro ko ɗaya, ku ƙirga zanguna, ba yara ba. Wanda ke aji uku na firamare yana da shekara 4 a firamare da 6 a sakandare, zango 30 ke nan. Wanda ke aji biyu na babbar sakandare zango 6 ya rage masa. Ku tara zangunan duka, shi ne bashin da kuka ɗaukar wa kanku.

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne a makarantar gwamnati, amma kyautar ba ta kai ga yunifom, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin PTA, kuɗin tara da kuɗin Keke Napep ba. A ƙaddara waɗannan sun tashi naira 60,000 a shekara kan yaro ɗaya. Yawancin kwamitoci sai su ninka da goma su ce 600,000 ta isa. Ba ta isa ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ko da kashi 20 kawai aka ɗauka kowace shekara, a shekara ta goma yaron nan zai ci kusan 310,000, jimillar shekarun kuma ta haura miliyan ɗaya da rabi. Saboda haka kuɗin da aka yi shela za su karantar da yara ɗari, da ƙyar su kai arba'in gaci. Gara ku ɗauki arba'in ɗin tun farko.

Tsohon Hedimasta:
Lissafin Ma'aji daidai ne, sai dai kafin lissafi akwai jerin sunaye, kuma a nan ake fara samun ɓaraka. Jerin da aka rubuta a sansani, ko Bakasi ne ko makarantun da aka tsugunar da mutane, na rabon abinci ne. Za ka ga yaro ɗaya sau uku da suna uku, ka ga yaran unguwar da ruwa bai taɓa ba. Ba na zargin kowa, yunwa ce. Amma ba a gina alkawarin shekara goma a kansa.

A nemi shaida uku kan kowane yaro: Bulama, wato mai unguwar da gidansu yake kafin ruwa, malamin ajinsa na da, da limami ko maƙwabcin da ba ɗan'uwa ba. Rajistar makarantu da yawa ta jiƙe ta manne, ganye ba ya rabuwa da ganye, amma malamin aji yana riƙe da yaransa a ka, har da wanda ke zama kusa da taga. Sannan a buɗe wa kowane yaro fayil: hotonsa, sunansa uku yadda za a riƙa rubuta shi har abada, ranar haihuwa, sunan mai riƙonsa da lambar waya biyu, ɗaya ta wanda ba gida ɗaya suke ba. A ɗauki hoton kowace takarda da waya a ajiye a intanet. Fayil ɗin takarda a kabad na ƙasa shi ne abin da ruwa ya fara ci a 2024.

Wani abu kuma: yaron da ya yi wata uku ko huɗu ba makaranta, kada a jefa shi ajin da shekarunsa suka nuna. A ba shi jarrabawar gwaji ta karatu da lissafi. In ya gaza, a biya malami ya yi musu darasin yamma, yara goma sha biyar, kwana huɗu a mako, zango ɗaya. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da maimaita aji.

Ma'aji:
Ƙari kan wannan: kada kuɗin makaranta ya bi ta hannun kowa. A tura asusun makaranta kai tsaye, zango-zango, ba shekara guda a dunƙule ba, kuma sai an ga katin sakamakon zangon da ya wuce. Yunifom a ba tela kwangila, ya je ya auna yaran.

Uwar Marayu:
Yaya Ma'aji, a nan ne ba mu yi daidai ba. Ka biya makaranta, ka ɗinka yunifom, amma gidan da yarinyar take ba a ɗora tukunya ba. Wa zai bar ta ta tafi aji? Gwaggon da ta ɗauki 'ya'yan ɗan'uwanta uku ta haɗa da nata biyar a ɗaki ɗaya na haya, ita ma ruwa ya tafi da keken ɗinkinta ko injin markaɗenta. Da safe farantin talla za ta ɗora wa babbar, kuma ba mugunta ba ce. A rajista yarinya tana makaranta, kuɗinta an biya, kujerarta babu kowa.

Abin da ke aiki shi ne a ware wa mai riƙo wani abu duk wata, gwargwadon abin da tallan ke kawowa, da sharaɗin yarinya ta halarci aƙalla kwana huɗu cikin biyar. Malamin aji ya sa hannu a ƙaramin kati duk Juma'a. In wata ya cika kati bai cika ba, ba a yanke kuɗi nan take, mace daga cikin kwamiti ta je gidan ta ji dalili. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: takalmi ya tsinke, ko ba audugar mata, ko an koma Muna ko hanyar Dambuwa makaranta ta yi nisa ba kuɗin mota. Kwamitin da duk maza ne ba zai taɓa jin maganar audugar nan ba, don ba wadda za ta faɗa musu. Ku sa ta a kasafi, fakiti biyu a wata ga kowace budurwa, da sabulu.

Wurin da aka fi rasa 'yan mata shi ne tsakanin aji uku na ƙaramar sakandare da aji ɗaya na babba, a dogon hutu. Nan maganar aure ke tasowa. A zauna da waliyyi tun zango na biyu na aji uku, ba bayan an karɓi kuɗin gaisuwa ba. Kuma a bincika ko makarantar tana cikin shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Borno na cikin jihohin farko da suka shiga, don kada ku biya abin da wani ya riga ya biya.

Ma'aji:
Na karɓa, Hajiya. Amma a rubuta shi a layinsa daban, kuma a gaya wa masu bayarwa tun farko. Wanda ya ba da kuɗi da sunan karatu, ya ji an sayi masara da su ba a sanar da shi ba, ba zai sake bayarwa ba.

Almajirin Malamai:
Allah ya saka muku. Akwai abin da ake cakuɗawa: zakka da wakafi ba su zama a tukunya ɗaya. Zakka tana da masu cin ta guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma haƙƙinsu ce da ake miƙawa in ta wajaba, ba a ɓoye ta shekara biyar ana jiran yaro ya kai sakandare. Don haka zakka ta tafi ga buƙatun bana: ciyar da gidan masu riƙo, kuɗin zangon da ake ciki. Abin da ake son ya daɗe, a karɓe shi da sunan wakafi ko sadaka mai gudana. Malikiyya sun halatta wakafin kuɗi, sun kuma halatta wakafi na ƙayyadadden lokaci, wato mai shago zai iya cewa hayar shagon nan ta shekara goma ta yaran nan ce, bayan nan ya koma gare ni ko ga magadana. Mutane da yawa da ba za su iya rabuwa da kadara har abada ba suna yarda da wannan. A rubuta, da shaidu, a fayyace wa zai karɓi haya, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo.

Sannan in maraya yana da gado, fili ko diyyar da aka biya kan gidan mahaifinsa, wannan dukiyarsa ce shi kaɗai. Ba ta shiga asusun kowa da kowa.

Ma'aikacin Banki:
Asusu da sunan mutum ɗaya shi ne hanya mafi sauri ta rushe zumunci. Ko mutumin waliyyi ne, ranar da ya rasu kuɗin ya shiga cikin gadonsa a idon banki, sai an kawo takardun kotu. Ku yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, ku karɓi shaidar SCUML, sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, kowane biyu su isa cire kuɗi. Saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar mutum na huɗu wanda ba ya sa hannu.

Ku raba kuɗin gida biyu: na shekarar da ake ciki a asusun yau da kullum, sauran a inda zai haihu. Ga masu gudun kuɗin ruwa akwai sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa na gwamnatin tarayya da ofishin kula da basussuka (DMO) ke fitarwa tun 2017, ana shiga daga naira 10,000, ana biyan haya sau biyu a shekara. Akwai kuma asusun mudaraba, wanda banki ke juya kuɗin a raba riba, a bankuna irin su Jaiz da TAJ. Misali miliyan 10 a kan kashi 15 za ta ba da miliyan ɗaya da rabi a shekara. In kuka cinye duka, uwar kuɗin tana nan a takarda amma ƙarfinta na zaizayewa. Ku mayar da kashi ɗaya cikin uku, ku kashe miliyan ɗaya, wato yara 16 a lissafin Ma'aji. Ku lura kuma sukuk na ɗaukar shekaru kafin wa'adinsa ya cika, kuma ranar biyan hayarsa ba lallai ta zo daidai da buɗe makaranta a Satumba, Janairu da Afrilu ba. Kuɗin zango ɗaya ya kasance a hannu kullum.

Abin da ba na ba da shawara: a ba wani ɗan kwamiti jari ya juya. In ya faɗi, ba mai iya kai shi ƙara, don tare ake sallar asuba.

Malamin Jarrabawa:
Ni a kan manyan zan yi magana, don su ake mantawa, kowa na son hoto da 'yan firamare. Ɗalibin da ya canza makaranta a aji biyu ko uku na babbar sakandare yana buƙatar makinsa na gwajin aji daga tsohuwar makaranta, domin WAEC na neman a ɗora su kafin rajista. In ba a bi wannan da wuri ba, sai a wayi gari an biya kuɗi sunan yaro bai hau ba. JAMB kuma tun 2021 ba ta rajista sai da lambar NIN, kuma sunan da ke NIN shi zai fito. Yaro ya zama Modu a NIN, Muhammad a makaranta, Mohammed a takardar haihuwar da aka sake karɓowa bayan ruwa: wannan kaɗai ya isa ya cinye masa shekara. A daidaita tun aji ɗaya, da takardar rantsuwa daga kotu in ta kama.

Ko da jiha ta ce za ta biya kuɗin WAEC ko NECO, ku ajiye kwatankwacinsa. An sha ganin an riƙe sakamakon ɗalibai a wasu jihohi saboda bashi. Bayan sakandare kuwa, asusunku ba sai ya ɗauki komai ba: NELFUND da ta fara aiki a 2024 tana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa. Ku tsaya kan fom ɗin JAMB, kuɗin karɓar gurbi, katifa da kuɗin motar zuwa, waɗanda ake buƙata kafin rance ya fito.

Ɗan Mokwa:
A Mokwa, ambaliyar 29 ga Mayu 2025 ta fi yin ɓarna a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, kuma almajirai na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba su cikin rajistar kowace makarantar boko, iyayensu suna wata jiha, don haka duk jerin da aka ɗauko daga hedimastoci ya tsallake su. Alaramma ne ke da sunayensu da garuruwansu. Ku ware musu kaso, ku nemo iyaye a ji ra'ayinsu: komawa gida ko ci gaba da tsangaya tare da ajin boko na safe.

Sakataren Kwamiti:
Na gode ƙwarai. Saura tambaya ɗaya. Wani mai makarantar kuɗi ya yi mana tayin gurbi goma kyauta. Mu karɓa?

Tsohon Hedimasta:
Ku karɓa in zai rubuta, da hatimin makaranta, cewa kyautar har yaro ya gama ce, ya kuma fayyace ko ta haɗa da littattafai, yunifom da kuɗin jarrabawa, domin a makarantar kuɗi waɗannan kan kusa kamo kuɗin makarantar kansa. In ya ce shekara-shekara za a riƙa sabuntawa, ku ba wa waɗanda zango uku zuwa shida ya rage musu, kada ku ba 'yan firamare. Kuma kada a raba wa da ƙani, ɗaya a makarantar kuɗi ɗaya a ta gwamnati, suna kwana a tabarma ɗaya. Ko dai a ba gida ɗaya gurbi biyu, ko a ba wanda shi kaɗai ne ɗan makaranta a gidansu.