Satar dizal a manyan motoci: sensar tanki tana maganin abin kuwa?

MaiTireloli ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sufuri. Muna da 'yan tireloli da ke ɗaukar kaya a doguwar hanya, ni ke riƙe da lissafin mai, kuma lissafin nan ya ƙi zama. Mota ɗaya hanya ɗaya lodi kusan iri ɗaya, amma wannan tafiyar mai ya isa har da saura, wata tafiyar kuma tun ba a kai ba direba zai kira ya ce mai ya ƙare a turo. In ka tambaya a ce cunkoso ne ko injekta ce ke shan mai, kuma wani lokacin gaskiya ne ni ma na sani, amma ai ba kullum ba. Ni kuma ba na so in ɗora wa bawan Allah abin da ban gani da idona ba, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Muna da tiraka a jikin motocin tuntuni amma iyakarta ta nuna inda mota take. Yanzu masu sayar da na'ura sun zo suna cewa a sa sensa, wato na'urar auna yawan mai, a tanki, wai ko lita ɗaya aka zuƙa zan gani a wayata. Wanda ya taɓa amfani da ita ya faɗa min tsakani da Allah, tana aiki? Wace iri ce ta fi?

Injiniyan_Waya ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Aikina kenan haɗa irin waɗannan na'urorin, toh bari in faɗa maka yadda abin yake. Maganar ko lita ɗaya ɗin nan ka ajiye ta gefe, ta 'yan talla ce. Sensa mai kyau, irin mai kama da sanda da ake huda saman tanki a zura ta har kusa da gindi, masu ƙera ta cewa suke kuskurenta wajen kashi 1 cikin 100 ne, ka ga a tanki mai lita 400 lita 4 kenan tun mota ba ta motsa ba. Sannan shi dizal in ya ji zafi ƙaruwa yake in ya yi sanyi ya tsuke, kusan kashi 0.08 cikin 100 a duk digiri ɗaya, wato tankin nan in zafinsa ya sauka da digiri 15 cikin dare za ka ga kamar lita 5 ta tafi alhali ko murfin ba wanda ya taɓa. Masu kyau suna da ma'aunin zafi a ciki suna gyara wannan da kansu, ka tambaya kafin ka saya. Amma a ce an zuƙe jarka guda mota na tsaye, wannan kam ba ta ɓuya, layin da ke allonka zai faɗo lokaci guda, ga ƙarfe nawa ga kuma inda aka yi a taswira.

Akwai wata da ake mannawa a gindin tanki ta waje, tana harba sautin da kunne ba ya ji ya daki saman mai ya dawo ta lissafa zurfin. Daɗinta ba huda tanki, amma gam na iya saki, dutse na iya bugunta, datti in ya kwanta a gindin tanki sai ta rikice. Ni dai a babbar mota na fi yarda da mai sandar.

Wasu kuma za su ce maka ba sai ka sa komai ba, a jona tiraka da birenbos, wato kwamfutar motar, kawai. E ana yi, manyan motoci na zamani suna fitar da bayanai ta layin CAN, wato wayoyin da ke haɗa kwamfutocin motar, a tsarin da ake kira J1939, kamfanonin Turai ma irin su Volvo, Scania, MAN, DAF, Iveco da Daimler tun 2002 suka haɗu suka fitar da tsarin FMS don a riƙa karanta irin wannan. Birenbos ɗin zai faɗa maka man da inji ya ƙona, kuma wannan lamba ce mai amfani sosai. Sai dai yawan man da ke tanki daga fulot ɗin kamfani yake ɗauko shi, wato abin nan da ke yawo a saman mai a cikin tanki, wanda ke motsa allurar dashbod, shi kuwa fulot can sama da can ƙasa ba ya gani, tanki na cike za a iya kwasar lita da dama allura ba ta ko girgiza ba.

Inda mutane ke asarar kuɗinsu shi ne wajen awon tanki. Dole a juye tankin tas, a riƙa zuba mai kashi-kashi misali lita 20-20, a jira ya natsa a rubuta abin da sensa ta nuna, haka har ya cika, kuma kowane tanki da nasa awon don wani zagaye ne wani mai kusurwa wani ma ya taɓa lotsewa. Duk mai haɗin da ya ce zai kwafo awon wata mota ya sa maka a taka, ka sallame shi. A dasa ta a tsakiyar tanki saboda tangal-tangal ɗin mai a hawa da gangara, mota mai tanki biyu kuma sensa biyu. Ka kula da ruwa ma, in ya taru a gindin tanki yana ruɗa mai sandar sosai, don yadda take jin ruwa ya ninka yadda take jin dizal kusan sau 40, sai ta nuna maka man da babu shi.

TsohonDireba ya amsa:

Alhaji sannu da ƙoƙari, ni a bayan sitiyari na tsufa, zan faɗi abin da na sani ko da ba zai yi wa wasu 'yan uwana daɗi ba. Ana sata, ƙarya ne a ce ba a yi. Amma tiyo da jarka ai tsohon yayi ne, wanda ya san an sa masa sensa ba zai yi wannan ba. Injin dizal ba duk man da famfo ya jawo yake ƙonawa ba, wani yana komawa tanki ta fayif ɗin ritan, toh a nan ake sa 'yar mahaɗa a karkatar da shi cikin jarka kaɗan-kaɗan mota na tafiya, kai a allonka ba za ka ga faɗuwa ba, sai dai ka ga kamar motar ce ta fara shan mai. Ga kuma na rasit, a haɗa baki da mai zuba mai a rubuta 300 alhali 250 ta shiga, a raba sauran. Wannan ko tankin ba a kusanta ba.

Amma ɗana ka ji ɗaya ɓangaren. Ba duk man da ya ɓace direba ne ya sha ba. Mutum ya yi tuƙi yini guda ya yi fakin ya kwanta, wasu su zo cikin dare su ɓalle murfi su zuƙe, da safe a ce shi ne. Mota a silo, wato tana tsaye inji na aiki, tana cin lita 2 zuwa 4 a awa, in an tsare ka wajen sauke kaya awa da awanni ga zafi dole ka bar inji saboda AC, wannan ma mai ne. Tayar da ba iska, filtar da ta toshe, lodin da ya wuce ƙima, birkin da ke kamawa, duk mai suke ci.

In za ka sa na'ura ka tara direbobinka ka faɗa musu a fili, ka nuna musu allon su ga abin da kake gani. Kar ka sa a ɓoye kana jiran ka kama mutum, ranar da suka gane kuma sun daina yarda da kai kenan. Direban kirki wallahi murna zai yi, don ita ce shaidarsa ranar da aka yi masa sata yana barci. Kuma a duba kuɗin hanya, na yi aiki a inda alawus ba ya kai mutum rabin tafiya, na ga yadda masu amana suka koma taɓa tanki. Ban ce halal ba ne, haramun ne, amma ka toshe wannan ƙofar ma.

Hajiya_MaiLissafi ta amsa:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ɓangaren ofis nake, abin da zan ƙara shi ne kar ka dogara da lamba ɗaya. Lamba uku ake haɗawa: abin da rasit ya ce an zuba, abin da sensa ta ce ya shiga tanki, da abin da birenbos ya ce inji ya ƙona. In rasit ya fi abin da ya shiga tanki, a gidan mai aka yi aikin. In tanki yana sauka fiye da abin da inji ya ce ya ƙona, toh a aika bakanike ya bi fayif ɗin ritan ɗin nan da Baba ya faɗa, ko kuma yoyo ne. In kuma duka ukun sun yi daidai amma man ya yi yawa, ba sata ba ce, motar ce ke son gyara ko ƙafar direba ce ta yi nauyi, sai a duba gudu da zaman silo a rahoto.

Tirela da lodi yawanci tsakanin lita 30 zuwa 40 take ci a kilomita 100, amma kar ka yanke wa kowa hukunci da wannan, ka bar kowace mota ta yi 'yan makonni ka samu nata ma'aunin a kan hanyarta, da shi za ka riƙa gwadawa. In da hali ku daina ba da kuɗin mai a hannu ku koma katin mai, a ɗaure shi da lambar mota a sa masa iyakar lita, sannan duk sanda aka yi amfani da shi a duba tiraka, motar tana gidan man a wannan lokacin ko tana wani wuri can daban.

Sai kuma abu ɗaya da ake rainawa, dole a samu mutum takamaimai da aikinsa ne buɗe rahoton kullum. In alat yana shigowa ba mai kiran direba ya tambaya, ba a daɗewa kowa zai gane ba a dubawa. Kuma a saita alat ɗin da hankali, in ka ce ko lita 2 ta motsa ya yi ƙara wayarka ba za ta huta ba har ka gaji ka kashe shi, gara ka sa shi a kan kamar lita 10 cikin 'yan mintuna mota na tsaye.

MaiTireloli ya amsa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba maganar alawus ta shige ni, zan kai ta gaba. Injiniya saura tambaya ɗaya, in mutum ya cire kan batir ko ya yanke wayar fa? Na kuma ji ana cewa akwai wani abu da ake sokawa a wajen caji ya kashe tiraka.

Injiniyan_Waya ya amsa:

Akwai shi Alhaji, toshe siginar GPS yake, wani har da na waya, kuma a ƙasashe da yawa amfani da shi laifi ne. Amma sensar da aka jona da tiraka ta wayar lantarki ba da sigina take aiki ba, tana ci gaba da auna mai tiraka tana ajiyewa a cikinta, da zarar sabis ya dawo ta turo komai, ka ga man da aka kwasa da lokacinsa ko da wurin bai fito ba. Ka nemi tiraka mai ƙaramin batir nata a ciki, wadda ke turo alat in an yanke mata wuta ko an toshe sigina. Kan sensar da mahaɗar wayoyin a sa musu sil, wato hatimi mai lamba, haka ma noti na gindin tanki da ake juye mai ta nan, a rubuta lambobin a riƙa dubawa duk dawowa. A bakin tanki kuma a sa ragar ƙarfen nan da ke hana tiyo shiga, mai na wucewa tiyo ba ya wucewa.

Kar ka sa wa duka motocin lokaci guda. Fara da biyu, wadda lissafinta ya fi damunka da wadda ka fi natsuwa da ita, ka tsaya da kanka a yi awon tankin a gabanka da direban, ka ajiye takardar awon a wajenka. Bayan wata guda ka kawo mana lambobin nan uku da Hajiya ta faɗa mu duba tare.